Lambobin Ƙirjin Baba Saje

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi. Kamar ina jin ku kuna cewa ta zo mu ji ta. To, ku gyara zama, ga ta ta iso.

Akwai wani mai ɗaukar hoto da ke da shago a bakin babban titi, tsakanin mai sayar da tabarau da mai gyaran agogo. Kowa Mai Hoto yake ce masa, har matarsa in tana son ta tsokane shi.

Hannunsa yana da kyau a aiki, wannan ba gardama. Sai dai yana da wata ɗabi'a: ba ya barin abu yadda ya same shi. In bango ya yi fayau, sai ya jingina masa tukunyar fure. In mai sanƙo ya zo, sai ya zauna gaban kwamfuta ya shuka masa gashi. In mutum ya ce, "Ai ba haka nake ba," sai ya yi dariya ya ce, "Haka ya kamata ka kasance."

Mahaifinsa tsohon soja ne, ana kiransa Baba Saje. Yana zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Tsufa ya cinye masa idanu, ba ya ganin ko tafin hannunsa, amma har yanzu da kansa yake ninke bargonsa kowace safiya, ya daidaita kusurwoyinsa da lalube. Mutum ne mai ƙarancin magana. 'Ya'yansa sun san ya yi soja, sun san ya yi yaƙi, iyakar abin da suka sani ke nan.

Wata rana da hantsi sai ga tsohon abokinsa, wanda suke kira Dogo, ya shigo yana jan ƙafa, yana sunkuyar da kai don kada ya bugi saman ƙofa.

"Saje, kana nan da rai ashe? Ni na zo karɓar takalmanka ne, an ce ba ka amfani da su."

Baba Saje ya yi murmushi. "Ƙafarka da ta yi kama da kwalekwale ce za ta shiga takalmina? Zauna, kada ka rushe mini rufi."

Bayan sun gaisa, Dogo ya faɗi abin da ya kawo shi. Taron tsofaffin sojoji na shekara ya matso. Tun da idanun Baba Saje suka mutu bai sake zuwa ba. Bana kuwa sun ce lallai sai ya zo, don shi ne mafi tsufa cikin waɗanda suka rage, kuma a kujerar gaba suke so ya zauna.

Tsohon ya gyara zama. Sannan ya ce, "Zan zo. Ba ni da gona, ba ni da sarauta. Abin da na tara a duniya shi ne sunana a wurin mutanen nan. Gara in je in ji muryoyinsu tun ina iya tashi."

Da Dogo ya tafi, Baba Saje ya kira ɗansa, ya ce ya jawo akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado, ya fito da kakinsa.

"Guga kawai za a yi masa. Guga kawai, ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Mai Hoto ya kai kakin falo ya shimfiɗa a kan tebur, ƙamshin kafur na tashi. Ya ja da baya yana kallonsa, yadda yake kallon wanda ya zo a ɗauke shi hoto.

A gefen hagu, saman aljihu, akwai 'yan guntayen ƙyalle guda huɗu, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, an naɗe shi a kan ɗan ƙarfe mai fil a baya. Su ne lambobin da sojoji ke jerawa a ƙirji. Uku sun koɗe. Na huɗun kuwa ba a ma iya gane launinsa, gefensa duk ya zazzare.

Ransa ya ɓaci. Ya sha ganin manyan hafsoshi a talabijin, ƙirjinsu cike dam da launuka, layi bisa layi. Ga mahaifinsa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin, da 'yan tsummoki huɗu.

Ƙanwarsa, Auta, wadda ke aikin jinya, ta biyo daga asibiti don ta duba tsohon. Ta tarar da shi tsaye yana girgiza kai.

"Yaya, lafiya kake kallon riga kamar ta zage ka?"

"Dubi nan. A haka Baba zai zauna a kujerar gaba? A haka zan ɗauke shi hoto? Ai sai a ce bai bar 'ya'ya ba."

"To, ka tambaye shi mana. Ni ban san me suke nufi ba, kai ma ba ka sani ba."

"Tambayar me? Kin san halinsa, cewa zai yi a bari. Ba-zata zan yi masa."

Auta ta ɗaga gira. "Mutumin da ba ya gani, wace ba-zata za ka yi masa da launi?"

"Mutane ai suna gani," in ji shi. "Ke je ki yi allurarki. Wannan fannina ne."

Washegari ya ɗauki kakin ya nufi layin shagunan da ke bayan bariki, inda ake sayar da takalman soja da bel da huluna. A wani shago ya tarar da akwatin gilashi cike da lambobi sababbi fil, kala-kala, suna sheƙi. Mai shagon yana can yana fama da wayarsa, bai ko ɗago kai sosai ba.

"Waɗanne kake so?"

"Masu kyau."

"Kai dai zaɓa."

Ya zaɓa kuwa, yadda yake zaɓar labulen bayan hoto. Ya sa ja kusa da kore don su fito da juna. Ya ga wani shuɗi mai ratsin azurfa ya ce wannan zai kama haske. Ya ga wani ja mai baƙin ratsi a tsakiya, ya ce wannan a sama za a sa shi, don yana da kwarjini. Kafin ya gama ya jera layi uku cif.

Mai shagon ya ɓalle tsofaffin, ya tara su a gefen tebur. "Waɗannan fa?"

"Zuba su a kwandon shara."

Ranar taro da safe, shi da kansa ya sa wa mahaifinsa rigar, ya ɓalla masa maɓallai. Tsohon ya gyara kafaɗu, ya miƙe tsaye kamar an zare masa shekaru ashirin. Sai ya ɗan yamutsa fuska.

"Na ji gaban rigar ya yi nauyi."

"Sitaci ne, Baba."

Baba Saje ya ɗaga hannu zai shafa ƙirjinsa. Mai Hoto ya yi maza ya kama hannun, ya danƙa masa sandarsa.

"Kada ka ɓata gugar. Mu tafi, mun makara."

Zauren taron yana bayan bariki. Kujerun roba ne jere, da dogon teburi mai farin ƙyalle, da fanka guda da ke ƙara a sama kamar za ta faɗo. Tsofaffi sun cika wurin, wasu da sanda, wasu da tabarau masu kauri, kowa cikin kakin da ya yi masa yawa ko ya matse shi.

Su tsofaffin sojoji suna da wata al'ada da farar hula bai sani ba. In mutum ya shigo, kafin su kalli fuskarsa, ƙirjinsa suke kallo. A nan suke karanta inda ya je da abin da ya gani. Kuma suna da doka guda da ba sa ɗagawa kowa: wanda ya sa lambar da ba tasa ba, babu shi babu zama cikinsu, kuma ranar da ya rasu babu wanda zai je ya sara masa.

Mai Hoto ya shigo riƙe da hannun mahaifinsa, yana tafiya a hankali don kowa ya gani. Tsofaffin suka fara miƙewa. Sai suka tsaya rabi-rabi, wasu hannu na kan gwiwa. Hayaniyar ta ɗauke. Shi kuwa ya zaci sha'awa ce ta kama su. Ya zaunar da tsohon a kujerar gaba, ya koma gefe ya kafa kyamararsa a kan ƙafafunta.

Dogo ne ya fara magana, yana ƙoƙarin mayar da abin wasa.

"Saje, ashe bayan ka ajiye aiki tuƙin jirgin sama ka koma ba mu sani ba?"

Baba Saje ya yi dariya. "Ni da ko keke sai an riƙe mini? Dogo, ba ka fasa shirme ba."

Wani daga baya ya ce, "Ga ta sojan ruwa ma a layi na biyu." Wasu suka ɗan yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba, ta mutu nan take.

Sai wani tsoho ya taso daga ƙarshen layi. Kofur Shiru suke ce masa, don zai iya wuni bai ce uffan ba. Hannun rigarsa na dama a ninke yake, an maƙale shi da fil a kafaɗa, domin babu hannu a ciki. Ya zo gaban Baba Saje ya sunkuya, ya ƙura wa lambar nan ja mai baƙin ratsi ido.

"Saje."

"Na'am. Muryar Shiru nake ji? Yau har ka yi magana?"

"Wannan ta mutanen yaƙin gada ce."

"Wace?"

"A gadar nan na bar hannuna. Na san duk wanda ya tsaya a kanta. Na san waɗanda muka kwaso a bargo. Ƙanena yana cikinsu. Saje, ban gan ka a can ba."

Murmushin ya bar fuskar tsohon. "Ban je gada ba. A lokacin ina wani fagen daban, kowa ya sani. Wa ya ce na je?"

"Ƙirjinka ne ya ce."

Baba Saje ya jingine sandarsa. Ya ɗaga hannu a hankali ya ɗora a ƙirji. Yatsunsa suka bi layin farko. Suka sauko na biyu. Suka sauko na uku. Suka koma sama suka sake bi, kamar suna neman wani abu da suka sani, ba su same shi ba.

Babu abin da ake ji sai ƙarar fanka.

Mai Hoto yana bayan kyamara. Yana jira ya ji mahaifinsa ya kira shi, ya ce ga wanda ya yi wannan aiki. Amma tsohon bai ko juya wajensa ba. Ya dafa kujera ya miƙe tsaye, ya fuskanci inda yake jin shugaban taron, wani tsoho mai farin gashin baki da ake kira Samanja.

"Samanja, na shigo muku da abin da ba nawa ba. Rigar tawa ce, a jikina take. Hukuncin da kuke yi wa kowa, ku yi mini."

Ya kai hannu ya fara kwance maɓallin sama. Maɓallin ya ƙi fita.

A nan Mai Hoto ya gane abin da ke faruwa. Mahaifinsa ya san wanda ya yi. Ya zaɓi ya fita daga cikin mutanensa da kunya a kan ya tozarta ɗansa a bainar jama'a. In shi Mai Hoto ya yi shiru, babu wanda zai taɓa sani. Tsohon zai koma ɗakinsa, ya mutu a matsayin ɓarawon lamba.

Bai san lokacin da ya bar wajen kyamarar ba. Ya dai tsinci kansa a tsakiyar zaure, gwiwoyinsa a ƙasa.

"Iyayena, ku tsaya. Don Allah ku tsaya. Ba shi ba ne, ni ne. Guga kawai ya ce in yi. Ni na je shago na saye su, na cire nasa. Da ya so ya taɓa, ni na riƙe masa hannu."

Samanja ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zagayo teburi, ya nuna lambar nan shuɗiya mai ratsin azurfa.

"Ɗana, wannan ta mece ce?"

"Ban sani ba."

"Wannan fa?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"To, waɗanda ka cire, na mene ne?"

Mai Hoto ya sunkuyar da kai.

"Ga furfura ta fara fito maka," in ji Samanja, ba tare da ɗaga murya ba. "A gidan mutumin nan ka girma. Ba ka taɓa zama ka ce, Baba, wannan fa, a ina ka samo ta ba?"

"Gani na yi sun yi kaɗan. So na yi a girmama shi."

Dogo ya yi tsaki. "Kaɗan? Yaro, kowace ɗaya da ka gani, sai da aka binne mutane kafin a ɗinka ta."

Samanja ya ce wa Mai Hoto ya tashi, ya cire su da hannunsa, tunda shi ya sa. Ya tashi ya tsaya gaban mahaifinsa, ya fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya cire, Samanja zai faɗi sunanta da ƙarfi don ya ji. Wannan ta matuƙan jirgi ce. Wannan ta likitoci ce. Wannan ba a ma ƙirƙiro ta ba sai bayan Saje ya bar aiki. Da ya zo kan ja mai baƙin ratsi, sai Mai Hoto ya juya. Ya miƙa wa Kofur Shiru da hannu biyu, shi kuma ya karɓa ya sa a aljihu.

Ƙirjin Baba Saje ya koma fayau, sai 'yan ramukan fil.

"Ina nawa?" in ji tsohon. Ita ce maganarsa ta farko ga ɗansa.

"Na bar su a shagon, Baba. Na ce a zuba a shara."

Tsohon ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya zauna.

Sai Dogo ya share maƙogwaro. "To, ni dai ba zan zauna kusa da Saje ƙirjinsa tsirara ba, kada a ce na fi shi." Ya kai hannu ƙirjinsa ya ɓallo wata koriya mai farin ratsi. "Jama'a, ku shaida. Wannan ta yaƙin farko ce. Tare muka je. Tare muka sha ruwan kududdufi muna ture kwaɗi da hula. Yana da ita." Ya sunkuya ya maƙala masa.

Samanja ya ɓallo tasa, mai ruwan ƙasa da ratsi biyu. "Wannan ta daɗewa a aiki ce ba tare da an taɓa kama mutum da laifi ba. Ni na karanta sunansa a fareti ranar da aka ba shi. Yana da ita."

Sai Kofur Shiru ya matso. Da hannunsa ɗaya ya yi ta kokawa da fil, har sai da ya haɗa da haƙori. Ya ciro wata mai launin sararin sama.

"Wannan ta aikin kwantar da tarzoma ce a ƙasar waje. A can kam na gan ka, Saje. Zazzaɓi ya kayar da ni a hanya, kai ka ɗauki jakata a kan taka." Ya kasa maƙalawa da hannu ɗaya, sai Baba Saje ya laluba ya riƙe masa rigar. "Ka yafe mini. Na yi maka zato."

"Da ni ne na ga haka a ƙirjinka, da abin da zan faɗa ya fi naka zafi," in ji tsohon. "Babu komai tsakaninmu."

Lambobi uku suka jeru. Samanja ya dubi jama'a.

"Saura ta huɗun. Wa ke da irinta?"

Tsofaffin suka dubi ƙirjin juna. Babu.

"Mun san da izini yake sa ta," in ji Samanja, yana kallon Mai Hoto. "Amma tun da nake, ban taɓa ganin irinta a jikin wani ba. Mun sha tambayarsa, sai ya ce a bar maganar."

Mai Hoto bai tsaya jin sauran jawabai ba. Ya bar kyamararsa a kafe, ya fita da gudu zuwa layin shaguna. Ya tarar da mai shagon a inda ya bar shi. Ya jawo kwandon shara ya zazzage shi a ƙasa, yana tona zare da guntayen ƙyalle da hannunsa.

"Malam, lafiya? Ai motar shara ta kwashe na ranar tuntuni."

"Ina suke kaiwa?"

"Can bayan gari, su cinna masa wuta."

"To, kana da irinta? Tsohuwar nan, ta ƙarshen?"

"Wane launi ce?"

Mai Hoto bai san launin ba. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana tantance launuka, ya riƙe abin a hannunsa, amma bai tsaya ya dube shi ba.

Da la'asar ya koma gida. Dogo ya riga ya dawo da tsohon. Auta tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, idanunta jajur. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Matsawa kawai ta yi ta ba shi hanya.

Baba Saje yana zaune a bakin gado, bai cire kakin ba. Mai Hoto ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ban same ta ba. Amma ka faɗa mini kamanninta. Ko a wace ƙasa ake yin ta, zan sa a kawo."

"Fara ce, da shuɗin layi a tsakiya. Kada ka wahalar da kanka, ba a sayar da ita. Mu kaɗai aka saƙa wa, da hannu aka saƙa ta."

Tsohon ya shafa lambobin ƙirjinsa. Sannan ya ci gaba.

"A can ƙasar wajen ne. Akwai wani ƙaramin asibiti a hayin kogi, na mata masu haihuwa da yara. Faɗa ya matso, aka ce mu janye. Shugabanmu wani ɗan Laftana ne, ko gemu bai gama fito masa ba. Ya roƙi manya a bar mu mu tsaya har sai mun ƙetarar da marasa lafiya. Babu gada, babu jirgi. Muka ciccire ƙyamaren ɗakuna muka kwantar da matan a kai. Yaran kuma a wuya muka ɗora su. Ruwa iya ƙirji, ana harbi daga tudu. In muka kai wancan gefe, mu sauke, mu dawo. Duk dawowar da za mu yi, sai mu ga mun ragu."

Auta ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ba mu bar ko mutum ɗaya a asibitin ba. Amma kogin ya riƙe namu. Daga baya mutanen ƙasar suka ba waɗanda suka rage wannan lamba. Mu ɗin ma mun yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama saura ni. Lokacin da nake gani, nakan buɗe akwatin in dube ta, in kira sunayensu. Da idanun suka tafi, sai in laluba in taɓa ta."

"Baba, na cuce ka."

"Ka yi kuskure, babba. Amma ni ma da nawa. Kai ba ka tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba. Duk lokacin da na buɗe baki zan ba ku labarin, sai in ji ruwan ya kawo mini wuya." Ya miƙa hannu yana lalube har ya sami kan ɗansa, ya dafa. "A da, ƙyallen ne yake riƙe mini su. Yanzu ya ƙone. Ni kuma na kusa. To, sai ka riƙe su. Gyara zama."

Mai Hoto ya zauna ya tanƙwashe ƙafa kamar ɗalibi.

"Ba sunayen takarda zan ba ka ba, waɗanda muke kiran juna da su zan ba ka. Ka faɗa bayana. Laftana."

"Laftana."

"Gajere, mai ɗaukar babbar bindiga. Direba. Mai Shayi, wanda ko ana ruwan harsashi sai ya dafa. Liman. Ɗan Autan Bataliya, da ya koma ɗauko jariri na ƙarshe."

Mai Hoto ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da suka kai ƙarshe tsohon ya ce ya maimaita shi kaɗai. Ya fara, ya kai tsakiya, ya tsallake ɗaya.

"Ka bar Direba a cikin ruwa," in ji Baba Saje a hankali. "Koma ka ɗauko shi. Sake daga farko."

Mai Hoto ya share hawayensa da bayan hannu, ya ja numfashi.

"Laftana," in ji shi. Daga bakin ƙofa, muryar Auta ta biyo tasa.

Ƙurunƙus! Nan kan ɓeran ya tsaya, nan ni ma na dasa aya.

Darasi: Abin da ka ga dattijo yana adanawa, ko ya tsufa ko ya koɗe, kada ka raina shi, kuma kada ka canza shi kafin ka tambayi ma'anarsa. Girmama iyaye ba ƙawata su don idon mutane ba ne. Zama ne a gabansu a saurare su. Ƙarya ba ta ƙara wa mai mutunci komai, ko da da ƙauna aka yi ta. In kana da tsoho a gida, ka je yau ka tambaye shi labarinsa tun yana iya ba ka. Ku tura wannan ga 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya tuna ya yi tambayar da ya daɗe bai yi ba.